Ganga ce ƙararrawarmu

A gida ni ne mai ba da waƙa a zumuntar matasa. In an ce taro ƙarfe huɗu, to huɗu ce lokacin da za a fara neman makullin majami'a. Mu biyar ko shida da muka riga isowa sai mu ɗauki ganga da kacau-kacau, ina ja suna amsawa, har bencina su cika. Wani lokaci a yi minti 40 ana haka kafin shugaba ya ce a rufe ido a yi addu'a. Ban taɓa kiran wannan jira ba, yabo muke ce masa.

Da na je karatu Jamus, ƙungiyar ɗalibai Kirista ta ce taronta bakwai da rabi na yamma. Na isa takwas saura kwata, ina ganin na yi ƙoƙari. Na tarar sun yi waƙa biyu, sun rufe littattafan, suna tsakiyar nazarin Littafi Mai Tsarki. Ba wanda ya ce mini uffan, wata ce kawai ta miƙo kujera. Da faɗa aka yi mini da ya fi sauƙi. Abin da ya ruɗe ni, a jami'o'in ƙasar in aka rubuta lacca ƙarfe goma aka bi ta da haruffan c.t., goma da kwata ake nufi. Na ɗauka ko'ina haka ne. Ashe har lattin nasu sai an rubuta shi.

Daga baya na gane dalilin. Ɗakin taron na aro ne, bas kuma ba ta jiran kowa, don haka tara na bugawa ake tashi. Amma akwai abin da har yau ban yafe ba. Wata rana wani saurayi ya fara maganar rasuwar mahaifinsa, muryarsa na rawa, sai shugaba ya dubi agogo. A gida da ko dare zai raba, muna nan tare da shi.

Hutun bazara muka je Taizé, ƙauyen nan na Faransa kusa da Cluny, inda Ɗan'uwa Roger ya sauka a 1940 ya kafa zumuncin da matasa dubbai ke ziyarta kowace shekara. Sau uku a rana ake kaɗa ƙararrawa, kowa ya ajiye wanke-wanke ko shara ya nufi coci. A ƙasa ake zama. Waƙoƙin gajeru ne, layi ɗaya ko biyu, wasu da Latin wasu da harsuna dabam-dabam, ana ta maimaitawa. Nan na ji kamar gida, don mu ma maimaici ne jarinmu. Sai dai mu muna maimaitawa jiki ya yi zafi, ƙafa ta motsa, su kuwa suna maimaitawa murya na sauka, har a shiga shiru na wajen minti goma. Ranar farko hannuna ya yi ta ƙaiƙayin tafi. A cikin shirun nan ne na fara tambayar kaina: waƙoƙin da nake jerawa a gida, nawa ne na Allah, nawa ne na jiran masu latti?

Da muka dawo Jamus suka ce in koya musu waƙar Hausa. Suka nemi takarda mai alamun kiɗa, ba ni da ita. Suka tambaya sau nawa ake maimaita amshi, na ce sai ta ƙare. Aka yi dariya, wani ya ce a tsayar da huɗu. Sun rera ta da murya huɗu, tsaf, gwanin daɗi, ba wanda ya ko girgiza kafaɗa.

Da na zo hutu gida na ce zan gyara mutane. Huɗu daidai na fara da mutum shida, na yi waƙa uku na ajiye ganga. Ana cikin wa'azi wata dattijuwa daga zumuntar mata, wadda ke rako jikokinta, ta shigo tana haki. Bayan an tashi ta kama hannuna.

"Ɗana, lafiya yau? Daga bakin kasuwa nake jin gangarku in fara tattara kaya. Na ji shiru, na ɗauka an ɗaga taron."

"Ki yi haƙuri, Mama," na ce.