Idan bokitin fenti ya ƙi zuba launi a Adobe Animate

Ƙorafin da ya fi yawa a bakin matasan unguwannin Nima da Mamobi na Accra masu haɗa bidiyon zane na tallan shago ko na barka da Sallah shi ne: an danna bokitin fenti a cikin zane, shiru kake ji. Galibi manhajar ba ta da laifi. Bokitin ba ya cika wuri sai layi ya kewaye shi ruf, kuma duk layukan suna kan leya ɗaya, wato shimfiɗar zane ɗaya.

Fara da neman kafa. Mai da zanen zuwa Outlines, inda layuka kaɗai ake gani, ka zuƙo shi sosai, ka bi kusurwoyi, can ne layi biyu kan yi kamar sun haɗu alhali da saura. In kafar ƙarama ce, ɗauki bokitin da harafin K, ka sauya Gap Size daga Don't Close Gaps zuwa Close Small ko Medium. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: manhajar tana auna kafar ne da yadda take a fuskar kwamfuta. Kafar da ta gagara a 400% sau da yawa takan rufu in ka koma 50%. Close Large Gaps kuwa ni ba na ba da shawararsa, yakan bar ɗan farin gurbi a lungu.

In babu kafa, danna layin ka gani. Shuɗin akwati ya fito kewaye da shi? To Object Drawing a kunne yake, kowane layi zaman kansa yake yi. Zaɓe su duka, Ctrl+B, su narke su zama abu ɗaya. Harafin J ke kunna Object Drawing, shi ya sa yatsa kan taɓa shi ba da niyya ba.

Baƙin tauraron tutar Gana yana da tasa rigimar. In ka ja shi da layi biyar masu ratsa juna, ɗaki shida ka yi: kusurwa biyar da tsakiya, kowanne sai an zuba masa nasa. In kuma fayil ɗin SVG ne daga manhajar zane ta Inkscape ya zo da rami a ciki, ƙa'idar cikawa ce ke kan evenodd, wadda ke barin tsakiyar tauraron ba launi. Koma Inkscape, Shift+Ctrl+F, ka mai da ita nonzero. Amma a kula, alamomin gargajiyar Gana na adinkra masu ramuka na gaskiya wani lokaci evenodd ɗin suke buƙata, in ba haka ba ramukan su toshe.

Sai launin da ke murɗewa a tsakiyar shape tween, wato motsin da ke rikiɗa wata siffa zuwa wata. Manhajar ce ke cankar wane gefe zai koma wane. Nuna mata da Ctrl+Shift+H: alamomi ne masu haruffa, a zuwa z, 26 ke nan, amma uku ko huɗu sun isa. Jera su daga kusurwar sama ta hagu, kana bin akasin tafiyar agogo, tsari ɗaya a firam na farko da na ƙarshe. Wadda ta zauna daidai takan koma rawaya a farko, kore a ƙarshe. Wadda ta tsaya ja ba ta kama layin ba, ja ta ka ɗora a kansa.