Yadda muke fitar da kundin kod daga fayil ɗin API

Kamfaninmu ƙarami ne, a Kano muke, kuma yawancin masu ba mu aiki kamfanonin hada-hadar kuɗi ne da na jigilar kaya. Kowannensu na da API, wato ƙofar da wata manhaja ke bi ta intanet ta yi magana da tasu. Mai rubuta manhajar da zai haɗa da su ba ya son ya zauna yana tsara kowane saƙo da hannu. Kundin kod shiryayye yake nema, wanda ake kira SDK, a harshen da hannunsa ya saba da shi: PHP ko Python, ko Dart idan da Flutter, kayan haɗa manhajar waya, yake aiki. Wannan kundin muke samarwa, tare da bayanin amfani da shi.

Ba da hannu muke rubuta shi layi-layi ba. Akwai fayil guda, a tsarin YAML ko JSON, da ke zayyana duk abin da API yake karɓa da abin da yake mayarwa. Wani injiniyan manhaja mai suna Tony Tam ne ya fara wannan tsari a 2011 da sunan Swagger. A 2015 aka miƙa shi ga wata ƙungiya a ƙarƙashin Linux Foundation, daga baya ya koma OpenAPI. Mu muna zuba fayil ɗin cikin wani injin fitar da kod mai suna OpenAPI Generator, wanda ya ɓalle daga Swagger Codegen a 2018, shi kuma ya fitar da kod a harsuna da dama.

Wasu kwastomomi da sun ji haka sai su ce, to ai danna maɓalli ne kawai, kuɗin me za mu biya? Nakan amsa musu da cewa injin tela ne mai biyayya, awon da ka ba shi shi zai ɗinka. Kusan duk guminmu a kan awon yake zuba.

Ɗauki lambar asusun banki ta NUBAN. Lambobi 10 ce, kuma da yawa suna farawa da sifili. Idan fayil ya ce wannan gurbi na ƙidaya ne maimakon rubutu, sifilin farko ya tafi, asusun ya zama lambobi 9, a kowane harshe da aka fitar lokaci guda. Lambar waya ma haka. Sai kuma kuɗi. Wasu API na biyan kuɗi a Najeriya kobo suke ƙirgawa. Wani kwastoma ya taɓa kawo mana fayil da gurbin kuɗi babu ko kalma ɗaya ta bayani. Wanda ya tura 5000 da nufin naira dubu biyar, naira 50 API zai ƙirga masa. Saboda haka ba ma barin gurbi ya wuce sai da bayani da misali na gaske, domin wannan jimlar ce za ta fito wa mai rubuta kod a allonsa daidai lokacin da yake buƙatarta, ita ce kuma za ta shiga shafin bayani. Harshen JavaScript ma na da nasa tarkon: lambar da ta haura 9007199254740991 ba ya riƙe ta daidai, don haka dogayen lambobin shaida a rubutu muke ajiye su.

Doka ɗaya nake tsanantawa a ofis: ba a gyara kod ɗin da injin ya fitar. Gobe za a sake fitarwa, gyaran ya shafe. In akwai matsala, a koma fayil ɗin ko a gyara samfurin Mustache da injin ke bi.

Akwai abin da har yanzu da hannu muke yi, kuma shi na fi so. Intanet ɗinmu yana yankewa a tsakiyar ciniki, manhaja ta sake tura buƙata, a cire wa mutum kuɗi sau biyu. Muna rubuta wani siririn sashe daban a saman kundin, mai maƙala wa kowane biya lamba ta musamman, domin uwar manhajar, wato ta kwastoman da ke karɓar buƙatar, ta gane maimaici ne. Idan API ɗin kwastoma bai san da irin wannan lamba ba, muna zama da injiniyoyinsa a ƙara ta kafin mu saki kundin a npm ko PyPI, rumbunan intanet da masu rubuta kod ke sauko da kundi daga cikinsu.