Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Idon Inna da Duwatsun Kunur

A makon da ya gabata na tsaya ne a ranar da aka cire wa Inna bandeji bayan aikin yanar ido da aka yi mata a birnin Koyimbatur na ƙasar Indiya, inda nake karatu a lokacin. Da likita ya sake duba ta bayan wasu makonni ya ce babu laifi ta yi tafiya, sai na fara tunanin abin da ya kamata idon nan ya fara gani, domin shekara huɗu ta yi tana gane jikokinta da murya kawai. Abokan karatuna duk Uti suka ambata, wani garin shaƙatawa da ke kan duwatsun Nilgiri, amma wani dattijo maƙwabcinmu ya ce in dai da tsohuwa da ƙananan yara zan tafi, to in sauka a Kunur, wadda ke kilomita 19 kafin Uti, domin ba ta da cunkoson baƙi kuma sanyinta bai kai na can tsanani ba. Har yau ina yi wa dattijon nan fatan alheri.

Mun kwana a Metufalayam, a gindin duwatsun Nilgiri, domin jirgin ƙasan da ke hawa dutsen da ƙarfe 7:10 na safe yake tashi, kuma sai da na sayi tikiti makonni kafin ranar saboda kujerunsa kaɗan ne. An buɗe layin zuwa Kunur a 1899, aka ƙarasa shi zuwa Uti a 1908, kuma a 2005 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya. Abin da ya fi ɗaukar hankalin ɗana, mai shekara bakwai, shi ne injin tururin da ke bayan taragai yana tura su, maimakon ya ja su daga gaba. Na nuna masa dogon ƙarfe mai haƙora da ke tsakiyar layin, wanda wata ƙafa ta injin ke cizo tana hawa, saboda gangaren ya fi ƙarfin ƙafafun jirgi na yau da kullum. Tafiyar ba ta kai kilomita 30 ba, amma fiye da awa uku muka yi, kuma wannan jinkirin shi ne alherin da ke cikinta. Inna ta zauna a bakin taga da baƙin tabaraunta, ba ta ce uffan ba har muka wuce gonakin kwakwa da ramukan da aka huda cikin dutse, sai da jirgin ya tsaya shan ruwa a wata ƙaramar tasha, birai suka sauko suna jiran abin da fasinjoji za su yar, sannan ta dafa jikanta ta ce: “Maigidana, wancan ɗa ne take ɗauke da shi a ciki ko idona ne?” Ɗa ne kuwa, maƙale a jikin uwarsa. Na juya fuskata gefe don kada matata ta ga hawayena.

Kunur tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,850, kuma gida biyu ce: ta ƙasa inda tasha da kasuwa da masallatai suke, da ta sama inda shiru yake. A ta sama muka kama masauki. Washegari muka shiga Lambun Sim, wanda aka kafa a 1874 a cikin wani kwari, aka yi masa matakai suna sauka har zuwa ƙaramin tafki inda ake ba da hayar kwalekwale. Akwai itatuwan da aka kawo daga nahiyoyi dabam-dabam, wasu sun haura shekara 100, kowanne da allon sunansa. Yara sun sami wurin lilo, amma mai zuwa da tsoho ya sani cewa saukar ce mai sauƙi, hawowar sai an huta sau da yawa. Daura da lambun akwai Cibiyar Fasto, mai sunan masanin kimiyya Louis Pasteur, wadda aka buɗe a 1907 domin yin allurar cizon mahaukacin kare. Daga waje kawai muka gan ta.

Hancin Dolfin, wani tsinin dutse da ke kilomita goma da ɗoriya daga gari, sammako yake so. Mun isa kafin hazo ya taso, muka hango ruwan Katarin yana zubowa daga can ƙetaren kwarin kamar farin zare, bayan rabin awa kuwa gajimare ya rufe komai, waɗanda suka iso a bayanmu ba su ga ko tafin hannunsu ba.

Amma abin da ya zauna a zuciyata ya faru ne a hanyar dawowa, lokacin da Inna ta ce wa direba ya tsaya a bakin wata gonar shayi. Inna manomiya ce, matar manomi, kuma ta haura shekara 60 tana shan shayi ba ta taɓa ganin itacensa ba. Ta fito ta sunkuya, ta shafa ganyen, ta murza shi ta shinshina, ta ce ai wannan ba ya ƙamshin komai. Wata mata mai tsinka, da buhu rataye a bayanta, ta matso ta nuna mata yadda ake cire ganye biyu na sama tare da tohon da ke tsakaninsu. Babu mai jin harshen wata, amma sun fi minti goma suna magana da hannu. A masana'antar da ke kusa muka ga sauran aikin: a shanya ganyen ya yi yaushi, a murƙushe shi, a bar shi ya sha iska har ya rikiɗe ya yi duhu, sannan a busar da shi da zafi. A nan ne ƙamshin ya fito, Inna ta gyaɗa kai ta ce ashe kamar daddawa ne, sai ya kwana yake zama abin da aka san shi. Da na gaya mata cewa ana noma irinsa a tsaunin Mambila, ta yi mamakin yadda ba wanda ya taɓa faɗa mata.

Abinci bai ba mu wahalar da na ji tsoro ba, domin a kasuwar ƙasa ta ga ana soya faniyaram, wato ƙullun shinkafa mai tsami, a cikin tanda mai ramuka irin tamu sak. Ta ci shida, ta ce waina ce, gishiri ne kawai ya yi mata kaɗan.

A daren ƙarshe, bayan mun yi sallar isha'i, na tarar da ita a baranda cikin bargo biyu tana ƙirga fitilun gidajen da ke kan dutsen da ke fuskantarmu. Ta ce: “Kai, in mun koma gida, ka samo mini Alƙur'anina mai manyan baƙi, ina jin yanzu zan iya.” Labarin komawarmu da yadda ƙauye ya tarbe ta, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.