Inda daƙiƙu ke zubewa a otokuros da filin tsere

Otokuros wasan tseren mota ne da ya yi ƙarfi a Amurka, inda ƙungiyar wasannin mota ta SCCA, wadda aka kafa a 1944, ke shirya shi a manyan filayen ajiye motoci da filayen jiragen sama. Ana jera kon, robobin nan masu tsini, su fitar da hanya. Mota ɗaya ce ke shiga ita kaɗai, agogo na ƙirga mata lokaci. Zagaye guda yawanci wajen minti ɗaya ne, gudun kuma ba ya nisa da kilomita 100 a awa. Kon ɗaya ka kayar, an ƙara maka daƙiƙa 2.

Sabon shiga yakan fara da tambayar me zai ƙara wa injin. A ganina, ya bar kuɗinsa a aljihu tukuna. Yawancin lokacin da yake rasawa a ido da ƙafar birki yake zubewa.

A otokuros ba a ba ka zagayen gwaji. Da ƙafa za ka bi hanyar kafin a fara, don haka ka taka ta sau biyu ko uku, kana bin daidai inda kujerar direba za ta bi. In ka zo kwana mai wuya, ka durƙusa ka kalle ta daga tsayin da idonka zai kasance a cikin mota, domin kon da ke a fili kana tsaye sukan haɗe su zama tsibi guda in ka zauna. Kada ka ce sai ka haddace duka. Zaɓi 'yan kaɗan da ke tilasta wa mota juyawa, sauran ado ne.

Jerin kon da ake saƙawa tsakaninsu shi ke tona asirin mai kallon gaban bonet. Idonka ya kasance a kon na biyu ko na uku da ke gaba, kuma ka fara juya sitiyari tun kana gefen wanda kake wucewa, ta yadda tayar baya ce za ta shafe shi kusa-kusa. Ka makara a na farko, za ka ƙara makara a na biyu, kafin na huɗu sai dai ka taka birki ko ka kwashe shi.

Riƙon da taya ke yi wa kwalta kamar kuɗin cefane ne: abin da ka kashe wajen birki ba za ka same shi wajen lanƙwasa ba. Shi ya sa ake taka birki da ƙarfi tun mota na miƙe, sannan a riƙa sakinsa a hankali yayin da ake shigar da sitiyari. Sakin nan a hankali yana barin nauyi a kan tayoyin gaba, su ciji ƙasa. In ka cire ƙafa farat ɗaya, gaban motar zai ɗaga, ta ƙi shan kwana. To idan ta ƙi, tayoyin gaba na kuka tana tafiya sak, ƙara murɗa sitiyari ba ya magani. Rage totur, ka ɗan warware sitiyarin har riƙo ya dawo. Kwanar da miƙaƙƙiyar hanya ke binta kuwa, ka jinkirta shiga, ka taɓa cikinta a makare, don ka samu taka totur da wuri.

Iskar taya ana gane ta da alli. Ja layi uku a kafaɗar kowace taya, daga sama zuwa gefe. Bayan zagaye, in allin ya goge har ya gangaro gefen tayar, tana kwanciya, ƙara psi 2 (psi shi ne awon iskar taya) ka sake gwadawa. Ka auna da zafinta, ka rubuta.

Ranar filin tsere na gaske wani lissafi ne daban, domin ana shafe wajen minti 20 ana zagaye, kuma zafi ne abokin gaba. Man birki yana tsotsar ruwa daga iska. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. In ya tafasa, ƙafarka za ta nutse har ƙasa, mota ba ta tsaya ba. A zuba sabo kafin ranar, a duba kaurin fad ɗin birki, a ɗaure notin taya daidai awon da kamfanin motar ya faɗa. Fitar da tabarmar ƙafa da duk wata kwalba da za ta iya gangarowa ƙarƙashin birki. Hular kwano kuma a duba tana da tambarin Snell, cibiyar da ke gwada ingancin hular kwano, irin wanda masu filin suka yarda da shi.

Zagayen ƙarshe na sanyaya mota ne, a yi shi ba tare da matsa birki ba. Da ka tsaya kada ka ja birkin hannu, fad mai zafi yakan manne wa faifan birki ya bar masa tabo, daga baya mota ta riƙa rawa in an taka birki. Sa ta a giya ka buɗe bonet ta sha iska.