Injin sare itace rataye a jikin dutse

Yau wani abokin aiki ya turo min bidiyon yadda ake sare itatuwan katako a gangaren duwatsun Niyuzilan, wallahi sai da na maimaita kallo. An ɗaure injin saran da igiyar ƙarfe, can saman tudu wata katafila ta kafe tana sakin igiyar a hankali, shi kuma yana gangarowa wurin da ko mutum sai ya dafa ƙasa kafin ya iya tsayuwa. Ya cafki bishiya, zarto ya ratsa gindinta, ya kwantar da ita gefe kamar tsinke. Sai wata igiyar da aka miƙe a sama ta ɗauke gungumen yana lilo har bakin hanya, ba a ja shi a ƙasa ba balle ya ƙwaƙule ta ruwan sama ya zo ya wanke.

Da can mutane ne ke shiga irin wannan gangare da zarton inji a hannu, kuma nan bishiya ke yawan danne su, yanzu direba na cikin kejin ƙarfe abinsa. Ni dai hankalina na kan wanda aikinsa ne duba igiyar nan kafin a tada inji.