Gyara yadda kake gwada resista da mita

Yaran shago da yawa a nan Kano, daga Farm Centre har Sabon Gari, wajen gwada resista (ɗan abin da ke rage gudun lantarki a cikin na'ura) wuta na kunne suke lalata mitarsu, wato na'urar gwajin kayan lantarki. Haba malam, kashe wutar tukuna, ka sauke cajin kafasito (abin da ke riƙe caji a bod), in da hali ma ɗaga ƙafa ɗaya ta resistar daga bod ɗin, in ba haka ba lambar da za ta fito ta bogi ce. Baƙar waya a ramin mitar mai rubutun COM, ja a ramin Ω (alamar ohm, ma'aunin resista), haɗa bakinsu ka gani, ya kamata mitar ta nuna kusan 0. Kar ka kama ƙarfen bakin wayoyin da yatsu, har jikinka za ta auna. Batirin 9V na mitar in ya yi sanyi canza shi, ƙurar hunturu kuma goge ta kafin ka mayar da mitar jakarta.