Abin da na gani a zauren Formula 1 da na buɗe a WhatsApp

A shekarar 2016, duk ranar da na roƙi mai gidan kallon unguwarmu ya saka min tseren Formula 1, amsarsa ɗaya ce: "Malam, ga Arsenal na wasa, wa zai biya kuɗi ya kalli motoci suna ta zagaye?" Ban ga laifinsa ba, ƙwallo ce ke sayo masa man janareto. Sai in koma gida in kalla ni kaɗai.

Su kansu masu gasar ba su damu da irinmu ba a lokacin. Bernie Ecclestone, wanda ya daɗe yana juya ta, ya faɗa a 2014 cewa Twitter da Facebook ba su dame shi ba, ya fi son dattijon mai kuɗi. Da kamfanin Liberty Media na Amurka ya karɓe ta a 2017, sai aka saki gajerun bidiyo a intanet. A 2019 Netflix ta fara nuna Drive to Survive, shiri a kan gasar da direbobinta. A 2020 korona ta tsayar da komai, direbobi irin su Lando Norris da Charles Leclerc suka koma tseren kwamfuta daga ɗakunansu, duniya na kallo kai tsaye a dandalin Twitch. A shekarar na buɗe zaure, mu bakwai.

Waɗanda suka biyo baya ba irina ba ne. Ƙanwata ta shigo, ba ta san bambancin taya mai laushi da mai tauri ba, amma ta san wane direba ne ba ya shiri da wane. Da farko na riƙa yi wa irinsu tambayoyin ƙure, har wasu suka fice ba sallama. Wannan ya dame ni, don mutum ya zo da sha'awarsa na kore shi. Na canza salo. Kowace Asabar in yi saƙon murya na minti uku da Hausa, in bayyana abu ɗaya tak, kamar dalilin da ya sa direba ke tsayawa canza taya yana kan gaba.

Ranar 12 ga Disamba 2021 ce ta fi koya min. Tseren ƙarshe a Abu Dhabi, Lewis Hamilton da Max Verstappen sun shiga da maki ɗaya, 369.5 kowanne. Saura zagaye biyar, Hamilton na kan gaba, Nicholas Latifi na ƙungiyar Williams ya daki bango, aka fito da motar tsaro, wadda ke shiga gaba ta sa kowa ya rage gudu. Michael Masi, mai kula da tseren, ya bar motoci biyar da ke tsakanin Hamilton da Verstappen suka wuce, Verstappen da sababbin tayoyi ya kwace gaba a zagayen ƙarshe. Ana kiran la'asar wayata ta ɗau zafi a hannuna. Yawancinmu 'yan Hamilton ne, baƙin fata na farko a gasar, muna jiran kambunsa na takwas. Zagi ya ɓarke. Wani ya sa hoton Latifi, ya ce kowa ya je shafinsa na Instagram ya sauke masa kwandon ashar. Ni ne admin, raina a ɓace, na yi shiru.

Bayan kwana tara Latifi ya fito ya ce har barazanar kisa aka yi masa. Na daɗe ina kallon rubutun nan. Yaron nan mota ce ta ƙwace masa, kuma cikin masu jifansa har da mutanen da ni na tara.

Daren na rubuta wa zaure ban haƙuri, na goge hoton. Tun daga nan, da an kaɗa tutar ƙarshe nake rufe zauren na awa ɗaya, kowa ya yi salla ya huce. A soki hukunci yadda ake so, amma wanda ya ce a je shafin wani a zage shi, fita zai yi.

Babu ko ɗayanmu da ya taɓa jin ƙarar motocin nan da kunnensa, rabon Afirka da tseren tun na Kyalami, Afirka ta Kudu, a 1993. Duk abin da muke da shi a waya yake. Saƙon Asabar kuwa yanzu ƙanwata ke yi. Makon jiya ta ce, "Yaya, bayaninka na yi wa sababbi tsawo, bar min."